Yadda ake shirya wa tsofaffin ɗalibai kwana biyu na koyon halittu a gandun gaɓar teku

Tambaya: Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban jami'a ta ɗora mini shirya haɗuwar bana. Maimakon zaman ɗakin taro da jawabai, muna so mu yi ƙarshen mako a wani killataccen gandu da ke gaɓar teku, mu koyi wani abu game da halittun wurin. Mun kai mutum arba'in, daga masu shekara 25 zuwa waɗanda suka haura 70, kuma yawancinmu ba kimiyyar halittu muka karanta ba. Ta ina zan fara, me za mu yi a kwana biyun, kuma me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

Amsa: Malama, kafin ki sa rana, kafin ki kama masauki, nemi jadawalin cikowa da janyewar ruwan teku na wurin. Duk sauran shirin a kansa zai hau. Kwamiti da yawa kan fara da zaɓen ranar da ta yi wa shugaba daidai, su buga takardar gayyata, sai sun isa su tarar ruwa ya rufe duk abin da suka je gani tun daga hantsi har la'asar.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cikowa da wadda ke bin ta akwai awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Akwai wuraren da sau ɗaya ake samu a rana, kamar wasu sassan Tekun Meziko. Girman abin ma ya bambanta ƙwarai: a mashigin Fandi na ƙasar Kanada tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa takan kai mita 16, a yawancin Bahar Rum kuwa ba ta kai rabin mita ba. Don haka jadawalin wani gari ba ya yi wa wani aiki, ko da suna ƙasa ɗaya.

Wata ne ke jan ragamar al'amarin, rana na taya shi. Idan su biyun suka daidaita a layi ɗaya da duniya, wato lokacin da wata ya ɓuya gab da tsayuwar sabo, da kuma lokacin da ya cika sha huɗu, ruwa yakan ciko sosai ya kuma janye sosai. Mafi girman yakan zo kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Idan wata ya yi rabi, a daren bakwai ko na ashirin da biyu, motsin ruwan kaɗan ne, bai hau can ba, bai sauka can ba. Ku babbar janyewa kuke nema, domin ita ke buɗe ƙasan gaɓa inda halittu suka fi yawa, wurin da a sauran kwanaki yake ƙarƙashin ruwa. Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: a wuri guda, babbar janyewa kusan kullum a sa'a ɗaya take faɗowa. Idan a gandunku da hantsi take zuwa, kun dace. Idan da asuba da almuru take zuwa, haka za ta ci gaba, sai dai ku gyara lokacin tashinku. Ki buɗe jadawalin wata uku ko huɗu, ki ja layi ƙarƙashin kowace Asabar da janyewa mai zurfi ta faɗo tsakanin ƙarfe 8 na safe da 12 na rana. Za ki ga ba su da yawa. Cikinsu za a zaɓi rana.

Wajen karanta jadawalin ana yin kuskure iri uku. Na farko, ɗaukar na babbar tashar jiragen ruwa alhali gandun na can cikin bakin kogi, inda ruwa kan makara da rabin awa ko fiye. Na biyu, rashin duba agogon da aka yi lissafin da shi, musamman a ƙasashen da ke matsar da agogo da awa ɗaya lokacin zafi. Na uku, ɗaukar jadawalin kamar alƙawari. Lissafi ne na motsin wata da rana kawai, bai san da iska ba. Iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga teku tana hana ruwa janyewa yadda aka rubuta, tana kuma dawo da shi da wuri. Shi ya sa ma'aikacin gandun da ya shekara yana kallon wurin ya fi manhajar waya amfani.

Dawowar ruwan ita ce abin tsoro, kuma ba tafiya ɗaya take yi ba. Masu jiragen ruwa na da wani lissafi mai sauƙi: a raba tazarar da ke tsakanin janyewar ruwa da cikarsa gida 12. A awa ta farko bayan ƙarshen janyewa ruwa zai hau kashi 1, a ta biyu kashi 2, a ta uku da ta huɗu kashi 3 kowace, a ta biyar 2, a ta shida 1. A ce tazarar ranar mita 4.8 ce. Kashi ɗaya santimita 40 ke nan. Awa ta farko ruwa zai ɗago santimita 40, ba wanda zai damu. A ta uku zai ɗago mita 1.2. A filin laka shimfiɗaɗɗe, wanda sai an yi tafiyar mita 500 kafin ƙasa ta ɗago mita ɗaya, wannan na nufin ruwa zai cinye mita 600 cikin awa guda. Kuma ba ta gabanku kaɗai zai zo ba. Yakan fara cika kwaruruka da ƙoramun da kuka tsallake a bushe, sai mutum ya waiwaya ya ga ruwa tsakaninsa da tudu. Ƙa'idar ita ce a shiga awa biyu kafin ƙarshen janyewa, a bi ruwan yana ja da baya, a juyo da zarar lokacin ƙarshen janyewar ya yi. A ba mutum ɗaya aikin riƙe agogo da usur, kada a haɗa masa da wani aiki, kuma a sanar tun a masauki cewa idan ya busa magana ta ƙare, ko da shugaban ƙungiya ne ke tsakiyar ɗaukar hoto.

Da kin samu ranaku biyu ko uku da suka dace, rubuta wa hukumar gandun. Ki tambaye su mutum nawa suke bari a lokaci guda, wane izini ake buƙata, waɗanne sassa ake rufewa lokacin da tsuntsaye ko kunkuru ke ƙwai, ko suna da ma'aikatan jagora, ina banɗaki yake, ina waya ke samun sabis, kuma minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa. Idan gandun na cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da su, wadda aka sa wa hannu a 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, akwai takardar bayaninsa a intanet mai ɗauke da taswira da muhimman halittun wurin, za ta rage miki aiki. Sannan ki je da kanki da mutum ɗaya ko biyu, mako biyu daidai kafin ranar, a sa'ar da za ku shiga. Dalilin mako biyun shi ne babbar janyewa na maimaituwa kusan duk kwana 15, don haka abin da za ki gani ranar kusan shi za ku tarar. Ki taka hanyar da agogo a hannu, sannan ki ninka lokacin biyu. Tafiyar da ta ɗauke ki minti 20, mutum arba'in masu hira da tsayawa hoto za su yi ta a minti 40.

Mutum arba'in ba sa koyon komai a dunƙule. Iska da ƙarar igiyar ruwa na cinye murya, na baya ba ya jin abin da jagora ke faɗa, ƙaguwar da ake nunawa kuma ba ta fi girman babban yatsa ba. Ki raba su rukuni huɗu ko biyar, mutum 8 zuwa 10, kowane da jagora a gaba da wani a baya mai ƙirga kawuna. Kada a raba bisa shekarar kammala karatu, a raba bisa ƙarfin ƙafa, amma cikin dabara. A takardar rajista a rubuta zaɓi uku a fili: hanyar katako ko ta tudu da ba a taka laka, tafiyar kilomita 2 a kan yashi, da shiga duwatsu ko laka mai santsi. Kowa ya zaɓa da kansa, ba wanda zai ji an ware shi don tsufa. A takardar dai a tambayi ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon gwiwa, magungunan da mutum ke sha, ko ya iya iyo, da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru. Jagora kaɗai zai riƙe wannan bayani.

A ce jadawali ya nuna ƙarshen janyewa ƙarfe 9:40 na safiyar Asabar. To ruwa zai cika wajen 3:50 na yamma, ya sake janyewa wajen 10:05 na dare, ranar Lahadi kuma ƙarshen janyewa zai faɗo wajen 10:30 na safe. Shirin ya riga ya tsara kansa: safiyar Asabar gaɓa, yammacinta tsuntsaye, dare idan akwai abin gani, safiyar Lahadi bakin kogi. Daren Juma'a na isowa ne da gaisawa da bayanin tsaro na minti 20, kada a cusa lacca.

Aikin safiyar Asabar shi ne zuciyar tafiyar. Abin da ake so mutane su gano da idonsu shi ne gaɓa hawa-hawa take. Can sama, inda ruwa ke taɓawa na ɗan lokaci, sai halittun da ke jure bushewa da zafin rana, irin ƙananan dodon koɗi da ke rufe bakin ɓawonsu su jira. A tsakiya akwai masu manne wa dutse da ba sa motsi, sai ruwa ya rufe su su buɗe su tace abinci. Can ƙasa, inda ba a cika samun bushewa ba, ciyayin teku ne da halittu masu taushin jiki iri-iri. Galibi bushewa ce ke iyakance halitta ta sama, ta ƙasa kuwa maƙiya da masu gasar wuri ke iyakance ta. Ana iya faɗin wannan cikin minti biyu a manta da shi kafin azahar. Idan mutum ya ƙirga da hannunsa, zai zauna masa.

Kayan da kowane rukuni ke buƙata ba su da yawa: tef na awo mai mita 30 ko 50, firam mai kusurwa huɗu santimita 50 kowane gefe, wanda ake iya haɗawa da bututun roba, farin faranti mai ɗan zurfi, gilasan ƙara girma biyu ko uku masu ninki 10, allon rubutu da fensir. Fensir fa, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, tawada kuma na narkewa. A shimfiɗa tef daga iyakar da ruwa ke kaiwa, wadda ake ganewa da layin busasshiyar ciyawa da tarkace, zuwa bakin ruwa. Kowace mita 5 a ajiye firam a gefe ɗaya na tef ɗin, kullum dama ko kullum hagu. A ƙirga duk abin da ke ciki. Abin da ba ya ƙirguwa, kamar ciyawa, a ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na firam ɗin ya rufe. Inda aikin ke lalacewa shi ne mutane su riƙa matsar da firam zuwa inda suka hango abu mai kyau. Da an yi haka lissafin ya tashi daga aiki, don an zaɓi amsa kafin a yi tambaya. Firam da ya faɗa kan dutse tsirara, sifilin da aka rubuta masa sakamako ne. Rashin sanin suna kuma kada ya tsayar da kowa. A rubuta «dodon koɗi mai zane», «ciyawa ja mai reshe», a ɗauki hoto da fensir a gefe don a san girma, da dare a nemo sunan. Idan lokaci ya ƙure, a fara daga bakin ruwa a hauro, tunda ƙasan ne ruwa zai fara karɓewa.

Dokokin taɓawa gajeru ne. A jiƙa hannu kafin a ɗauki halitta. A sa ta a farantin da ke da ruwan wurin, a inuwa, kada ta wuce minti biyar, domin ruwa kaɗan na saurin ɗumi iskar cikinsa ta ƙare. A mayar da ita inda aka ɗauko ta. Dutsen da aka juya a mayar da shi yadda yake, a hankali, don na ƙasansa ba sa jure rana, na samansa ba sa jure duhu. Abin da ya manne wa dutse kada a ɓamɓaro shi. Ɓawon da ake ganin ba kowa a ciki ma a bar shi, akwai irin ƙaguwar da ba ta da ɓawon kanta a baya, cikin irinsa take fakewa, tana girma tana sauya gida. Kada a zura hannu ramin da ido bai ga ƙarshensa ba. A tekuna masu ɗumi akwai dodon koɗi mai siffar mazurari da kyawawan zane wanda harbinsa kan iya kisa, kyansa ne ke jawo hannu, don haka jagora ya nuna hotonsa tun kafin a sauka.

Tsuntsayen gaɓa lissafinsu akasin na safe ne. Idan ruwa ya janye sukan bazu can nesa suna kiwo, sai ɗigo-ɗigo ake gani. Ruwan da ke cikowa shi ke koro su zuwa tudu. A zauna a maɓoya awa biyu kafin cikar ruwa, rana a baya idan da hali, a bar teku ya kawo su. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi dacewa da sabon shiga: 8 ninkin girma ne, 42 faɗin gilashin gaba a milimita. Mai ninki 12 na rawa a hannu. Ɗaya ga mutum biyu ya isa, da babban madubi mai ƙafa uku ga kowane rukuni. A ɓata minti biyar a koya wa kowa saitawa, domin rabin masu cewa ba su ga komai ba madubinsu ne ba a saita ba. A lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya. A rufe gilashin dama, a juya dabaran tsakiya har idon hagu ya ga abu tas. A rufe na hagu, a juya ƙaramin zoben da ke bakin idon dama har shi ma ya washe. Mai tabarau ya mayar da robar bakin idon ƙasa. Sannan a kafa ido kan tsuntsu a ɗago madubi zuwa ido, kada a sunkuya a nemi madubi a dawo ana lalube.

Kada a fara da sunaye. A sa mutane su dubi baki da ƙafa. Mai gajeren baki, ɗan uwan zakaran ƙeƙuwa, da ido yake farauta: ya ruga, ya tsaya, ya tsinta. Mai dogon baki na soka shi cikin laka yana lalubo tsutsa da ƙaguwa. Zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Tsawon baki daban-daban ne ke ba su damar cin abinci a fili ɗaya ba tare da sun takura wa juna ba. Ƙirga garke kuwa, a ƙirga goma daidai, a ga faɗin da suka ci, a riƙa aunawa da wannan goma-goma, idan garken ya yi yawa a koma ɗari-ɗari. A sa kowa ya rubuta ƙiyasinsa a ɓoye kafin a ƙirga a hoto. Yawanci za a ga an rage. Abin da ya sa ake hana matsawa kusa shi ne da yawansu matafiya ne masu tara kitse don doguwar hanya. A 2022 wani ɗan tsuntsun gaɓa mai dogon baki da aka maƙala wa na'ura ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Duk tashin da aka sa irinsa ya yi a banza, guzurinsa aka ci. Idan suka daina kiwo suka ɗaga kai, an matso da yawa, a ja baya. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto a bar shi a gida, tsuntsaye kallon shirwa suke masa, gandaye da yawa ma sun haramta shi.

Fitar dare ta dogara da wurin da kuma kakar shekara. Idan gaɓar kunkurun teku ce, ma'aikatan gandun ne kaɗai za su jagoranta. Uwar takan haƙa rami ta zuba ƙwai kusan ɗari, su yi wajen wata biyu a yashi, kuma zafin yashin ke tantance jinsi: sama da kusan digiri 29 mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza. Farin haske na mayar da uwa ruwa ba ta yi ƙwai ba, yana kuma ɓatar da 'ya'yan, waɗanda ke bin inda sararin ya fi haske su kai ga teku. Jan haske kaɗai ake amfani da shi, ba filashin kyamara, ba hasken waya, ana tsayawa ta bayanta, sai kuma ta fara zuba ƙwai ake matsowa. Kada ki yi wa kowa alƙawarin ganin kunkuru a takardar gayyata. Idan dare ya yi duhu sosai, a kaɗa ruwa da sanda a gani ko zai yi ƙyalli shuɗi, wasu ƙananan halittu ne da ke ba da haske idan an motsa su.

Safiyar Lahadi a yi ta a inda kogi ya haɗu da teku. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a lita, na kogi kusan babu. Da ƙaramar na'urar hannu da ake ɗiga wa ruwa a leƙa, a auna wuri biyar daga bakin teku zuwa ciki, a wanke ta da ruwan sha tsakanin awo da awo, in ba haka ba gishirin farko zai ɓata na biyu. Inda akwai gada ko kwale-kwale, a ɗebo na sama da na ƙasa, sau da yawa na ƙasa ya fi gishiri don ya fi nauyi, yana kutsawa ƙarƙashin na kogi. A ƙasashe masu zafi nan ne ake samun kurmin mangurof, itatuwan da ke rayuwa cikin ruwan gishiri. Wani iri na tsaye kan saiwoyi kamar ƙafafu, yana tace gishiri tun daga saiwa, 'ya'yansa kuma na tsira tun suna rataye a jikin uwa. Wani irin na turo saiwoyi sama daga laka kamar fensira don numfashi, yana fitar da gishiri ta ganye, ana ganin ƙwayoyinsa farare. Kada a taka waɗannan saiwoyi. A tona laka santimita kaɗan, za a ga ta koma baƙa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutane kan ɗauka ƙazanta ce aka zubar. Iska ce ba ta shiga, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a haka suke fitar da warin. A ƙasashe masu sanyi fadamar gishiri ce mai gajerun ciyayi ke maye gurbin kurmin, aikin awon ɗaya ne.

Takalmi na jawo matsala fiye da yadda ake zato. Silifa santsi take a dutse, ɓawo kuma na yanka kamar reza. Dogon takalmin roba laka na riƙe shi. Tsohon kambas mai igiya, ɗaure tam, shi ya fi. Wanda ya nutse a laka zuwa gwiwa kada a ja shi sama da ƙarfi, kada masu taimako su taru kusa da shi su ma su nutse. Ya jingina baya ya baza nauyinsa, ya riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali har ruwa ya shiga gefenta ta saki, a miƙa masa katako ko sanda. Yanka, komai ƙanƙantarsa, a wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, a rufe. Mai ciwon suga ko ciwon hanta da ke da buɗaɗɗen rauni kada ya shiga ruwan bakin kogi mai ɗumi, akwai ƙwayar cuta a irin ruwan da ke yi wa irinsu mummunan kamu, idan wurin ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi asibiti za a nufa a ranar. A ruwa marar zurfi mai yashi a riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa, don kifin nan mai faɗi da ƙaya a wutsiya ya ji motsi ya gudu. Idan ya soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi daidai wanda fata ke iya jurewa, a kai shi asibiti. Harbin wata halittar teku mai kama da leda kuwa, kada a goge, kada a zuba ruwan sha, a ɗauraye da ruwan teku, a tambayi ma'aikata tun farko wane iri ke wurin domin maganin ya bambanta.

Shawararmu a cire iyo daga shirin gaba ɗaya, sai in gaɓar na da masu ceto a bakin aiki. Akwai wata siririyar hanyar ruwa da ke komawa teku da gudu ta tsakanin igiyoyi, gudunta kan iya haura mita 2 a daƙiƙa, kuma wurin ne ya fi kama da kwantaccen ruwa, shi ke yaudarar baƙo. A kwale-kwale kowa ya sa rigar kariya a ɗaure, har da wanda ya ce ya iya ruwa. Ruwan sha a tanadi lita 3 ga kowa a yini, da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, domin iskar teku na ɓoye zafi, mutum ba ya jin yana ƙonewa. Idan aka ji tsawa a bar gaɓa, a shiga gini ko mota, kada a dawo sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Ki tanadi aikin ɗaki na awa biyu saboda irin wannan rana: tantance hotuna, zana jadawalin ƙirgar safe, ko duba yashi da ruwan da aka ɗebo da izini a ƙarƙashin gilashi.

Saura abin da ya shafi tsofaffin ɗalibai musamman. Gaskiya rabinsu don ganin juna za su zo, ƙaguwa ƙari ce. Idan aka cika jadawali daga asuba zuwa dare, hirar da aka hana za ta ɓulla a tsakiyar bayanin jagora. Aiki biyu a yini ya isa, ban da fitar dare, kowane kada ya wuce awa biyu da rabi, a bar tsakar rana fili. Idan an gayyato malamin jami'a, a roƙe shi kada ya wuce minti 10 yana magana a tsaye, kuma kowane bayani ya kasance da abu a hannu. A cikin taron za a samu injiniya, likita, lauya, akanta, a ba su abin yi: injiniya ya auna gangaren gaɓa, akanta ya haɗa alƙaluman rukunoni, likita ya riƙe akwatin agaji idan ya yarda. Wanda ya saba a saurare shi a ofis, idan ba a ba shi aiki ba, shi zai ƙwace bayanin daga hannun jagora.

Manhajojin iNaturalist da Merlin da eBird na taimakawa wajen gano suna da adana abin da aka gani, amma a sauke su a buɗe rajista tun a gida, don sabis kan yanke a gaɓa. Sunan da manhaja ta bayar zato ne har sai masani ya tabbatar. Wurin sheƙa ko ramin ƙwan kunkuru kada a wallafa shi da taswira. Kafin a watse ranar Lahadi, kowane rukuni ya samu minti biyar ya nuna abin da ya ƙirga, a haɗa takardun, a rubuta kwanan wata, sa'a, tsayin ruwa da daidai inda aka kafa kan tef, a ba hukumar gandun kwafi. Idan ƙungiyar ta dawo baɗi ta shimfiɗa tef a wannan layin, a irin wannan janyewar, za a samu abin da za a kwatanta.